Kundin aiki: awon kewayen B-H na zobban ferayit don fes-shiftar rada

3 ga Maris

Abu uku ake nema daga kowane samfurin ferayit, wato seramik mai ɗaukar maganadisu. H shi ne ƙarfin filin maganadisun da ake turawa, B kuma maganadisun da ke samuwa a cikin kayan; zanen B bisa H shi ne kewayen B-H. Na farko Br, ragowar maganadisun da ke zama a jikin ferayit bayan an yanke wuta. Na biyu Hc, ƙarfin da za a tura ta baya kafin B ya koma sifiri. Na uku, yadda zafi da matsi ke juya waɗannan biyun. Na'urar da za a ƙera da kayan fes-shifta ce mai riƙe saitinta, irin wadda ake jerawa da yawa a eriyar rada don karkatar da igiyar rediyo ba tare da an juya eriyar ba. Waya ɗaya ake ratsawa ta tsakiyar ferayit ɗin, a buga mata wuta na 'yan mikrosakan, a yanke. Daga nan babu abin da ke riƙe da saitin sai Br. In ya sauka da kashi 10 cikin ɗari, jinkirin da igiyar ke samu ma zai sauka kusan haka.

Samfura uku ne a hannu. A ganet ne na itiriyam da ƙarfe, wanda aka fi sani da YIG, ba gauraye. Ƙoshin maganadisunsa, iyakar abin da zai iya ɗauka, gaus 1780 ne, wato militesla 178, zafin Curie ɗinsa kuma, inda maganadisun ke gushewa, wajen digiri 280. Samfur B shi ma YIG ne, amma an sa masa ɗan manganis. C ferayit ne na litiyam da taitaniyam, mai ƙoshin gaus 2200 a takardar masu yin sa. An zaɓe su ne saboda aikin a gigahaz 10 za a yi shi. In aka ninka ƙoshin da megahaz 2.8 a kowane gaus, A ya ba da kusan gigahaz 5, C ya ba da 6.2, wato 0.5 da 0.62 na firikwensin aiki. Da wannan rabo ya doshi 1, ferayit ɗin da bai ƙoshi ba sai ya fara shanye igiyar.

Ba za a auna Br da Hc da na'urar VSM, mai girgiza ɗan samfur don auna maganadisunsa, ba. Ɗan dunƙulen da ake sa mata yana haifar wa kansa filin da ke adawa da maganadisunsa, kashi ɗaya cikin uku na ƙoshinsa, kusan amfiya 47,000 a kowace mita (A/m) ga YIG. Hc ɗin da muke nema bai wuce A/m 40 zuwa 100 ba. Ba lissafin gyaran da zai ciro ƙaramar lamba irin wannan daga cikin waccan. Zobe shi ne mafita, domin hanyar maganadisun a rufe take. VSM za ta yi mana aikin ƙoshi kaɗai.

6 ga Maris

An yanko zobban duk girma ɗaya: faɗin waje milimita 25, na ciki 20, tsayi 5. Tsawon hanya ta tsakiya milimita 70.7, faɗin yanka murabba'in milimita 12.5. Da lissafin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60205 lambobin sun zama 70.1 da 12.45, bambancin bai kai kashi 1 ba, don haka da na farkon za a ci gaba, an kuma rubuta hakan a kan kowace takardar sakamako.

Siririn zobe aka zaɓa da gangan. H yana raguwa daga ciki zuwa waje, a wannan girma ma na bakin ciki ya fi na bakin waje da kashi 25. Gefen ciki ne ke fara juyawa, na waje ya biyo baya, sai gefen kewayen ya fito a kwance fiye da yadda kayan yake. Zobe mai kauri yakan sa kaya mai kyau ya yi kama da marar kyau.

Zoben A ya yi giram 4.50. Cikakken YIG giram 5.17 ne a kowane santimita kubik, wannan ya ba da 5.09, kashi 98.5 ke nan, in har ba a dakushe bakunan ba. Inda aka dakushe su, awon kalifa yakan ƙara wa faɗin yanka abin da babu, B kuma ya fito ƙasa da gaskiya. Saboda haka an auna kowane zobe a cikin ruwa, aka fitar da faɗin yanka daga nauyinsa.

10 ga Maris

Naɗi. Ba a kan ferayit ake naɗa waya ba, a kan ɗan akwatin roba ne mai siffar zobe, bango milimita 0.8, da tazarar 0.2 ta kowane gefe, yadda zoben zai kwanta a sake. Naɗin karatu ne a ƙasa, zagaye 100 na waya mai kaurin milimita 0.2, an baza shi daidai a duk faɗin zoben. Naɗin turawa a samansa, zagaye 40 na milimita 0.5. Wayoyin da ke fita an murɗe su biyu-biyu har bakin na'ura.

H shi ne yawan zagayen turawa sau amfiya, a raba da tsawon hanya. Amfiya 1 na ba da A/m 566. Don kaiwa A/m 1200, wato osted 15, ana buƙatar amfiya 2.1 a ƙololuwa. B kuwa ana samunsa ne ta tara boltej ɗin naɗin karatu bisa lokaci, a raba da zagaye 100 sau faɗin yanka.

Firikwensin gwaji haz 73. An kauce wa 50 da 60 da ninkinsu, don in hayaniyar wutar layi ta shigo, ta wanke kanta a matsakaicin zagaye 64 maimakon ta zauna wuri ɗaya a kan kewayen.

13 ga Maris

Amfilifaya tana tura wuta ta cikin resista mai om 10, wat 50. Amfaninsa: lokacin da maganadisun ke juyawa, naɗin turawa na mai da boltej baya, kusan bolt 1. In babu resista babba a layin, wutar sai ta lotsa daidai inda ake karanta Hc. Da bolt 21 a bayansa, lotsawar ba ta taka kara ta karya ba. Resistan yana cin wajen wat 22, sai da aka ɗaura shi a kan farantin alminiyam nesa da zoben.

Kewayen farko na A ya fito a karkace, Hc na dama ya fi na hagu da A/m 22. Dalili, amfilifayar na zubo wuta madaidaiciya ta miliamfiya 20 ko da ba sigina. A zagaye 40 wannan A/m 11 ne, ya ƙaru a gefe ɗaya, ya ragu a ɗayan. An sa kafasita mai mikrofarad 4700, marar kai da gindi, a jere da naɗin. A haz 73 bai kai rabin om ba, bai hana komai ba, kewayen kuma ya daidaita.

Ga kaya mai Hc kaɗan haka, ko filin maganadisun ƙasa, wanda ke tsakanin A/m 20 da 50, sa'ansa ne. Rufaffen zobe bai cika jin sa ba, amma duk da haka an ɗauke gwajin daga kan teburin ƙarfe, an kuma nisanta shi daga sukudireba mai maganadisu da lasifika.

17 ga Maris

An gwada tarawa da resista da kafasita, kilo-om 100 da mikrofarad 1, don a ga ko za ta isa. Ba ta isa ba. Lokacin riƙonta sakan 0.1 ne, rabin zagaye a haz 73 kuma milisakan 6.8. B na irin wannan kaya kusan a miƙe yake tsakanin juyi da juyi, amma kafasitan na yoyo, sai layin ya zube da kusan kashi 7 kafin juyi na gaba. Wurin da H ke ratsa sifiri, inda ake karanta Br, yana dab da ƙarshen zubewar. Br ya fito ƙasa da kashi 3 da wani abu, kuma a kan osiloskop ana ganin wutsiyoyin kewayen sun harɗe, layin dawowa ya bi ta ƙarƙashin na tafiya. Duk wanda ya ga wannan harɗewa ya san ba daga kayan take ba.

An koma tarawa a kwamfuta. Nan ma da nata matsalolin, guda biyu. Boltej ɗin naɗin karatu tsini ne: yana kai bolt 1 zuwa 2 na ɗan abin da bai kai milisakan ɗaya ba, sauran lokacin kuma milibolt kaɗan ne. In aka buɗe ma'auni don tsinin ya shiga, ƙananan lambobin su nutse. In aka tsuke, kan tsinin ya yanke, B ya ragu ba tare da wata alama ba. Katin da ke shigar da boltej cikin kwamfuta, mai bit 16, ya ɗauke su duka, mai bit 8 na cikin osiloskop bai iya ba. Ta biyu, ɗan boltej na banza da ke bakin katin. Mikrobolt 100 kacal, in aka tara shi tsawon zagaye ɗaya, militesla 1.1 ne, kewayen ya ƙi rufuwa, yana hawa sama zagaye bayan zagaye. Maganinsa a yanke bayanan a kan cikakkun zagaye, a cire matsakaicinsu, sannan a tara.

20 ga Maris

Hc na A yana ƙaruwa da yawa in aka ƙara wuta, fiye da abin da ake tsammani. Wani ɓangare na wannan gaskiya ne, domin bangon yankunan maganadisu na buƙatar lokaci kafin su motsa. Wani ɓangaren kuma na iya zama saɓanin lokaci tsakanin tashoshin katin biyu. Lissafin ba shi da wuya. A haz 73 da A/m 1200, H na gudun A/m 0.55 a kowane mikrosakan lokacin da yake ratsa sifiri. Katin da ke karanta tashoshi bi da bi, da tazarar mikrosakan 10, zai ƙara ko ya rage A/m 5.5. A kan Hc na 40, kashi 14 ke nan.

Hanyar rarrabewa ita ce akwati marar zobe, mai naɗi iri ɗaya. Iska ba ta da histeresis, wato riƙon maganadisun da ke buɗe kewayen, don haka dole zanen ya zama miƙaƙƙen layi. Duk buɗewar da aka gani ta na'ura ce. A haz 73 siginar milibolt 2 ce kawai, sai aka hau kilohaz 5, inda ta kai wajen milibolt 150, mikrosakan 10 kuma ya zama digiri 18. Layin ya buɗe ya zama ƙwai. Jimlar saɓanin mikrosakan 13. Goma daga katin ne, ukun kuma daga resistan awon wuta, wanda na naɗaɗɗiyar waya ne mai ɗan indoktans. An canza shi da na faranti mai ƙafa huɗu, om 0.1, an kuma karɓo katin da ke karanta tashoshi biyu lokaci guda. Abin da ya rage bai kai mikrosakan 1 ba.

Akwatin wofin ya ba da gyara na biyu. Naɗin karatu ya kewaye murabba'in milimita 31.5, ferayit kuma 12.5 ne kawai a ciki. Iskar da ke sauran 19 ɗin na ƙara militesla 2.3 a kan B a A/m 1200. Ba ruwan Br da wannan, tunda H sifiri ne a wurin, amma yana rage rabon Br da B na ƙololuwa. Yanzu manhajar na cire shi.

25 ga Maris

Sakamako na farko da za a iya dogara da shi, a digiri 25, A/m 1200, zobba kamar yadda suka fito daga wajen yanka. Kafin kowane awo ana wanke zoben daga tsohon maganadisu, a fara da wuta mai ƙarfi a yi ta rage ta a hankali har sifiri.

A: Br militesla 112, Hc A/m 52. B: Br 121, Hc 49. C: Br 150, Hc 103.

Na A ya yi ƙasa da abin da aka saba gani ga YIG mai wannan cikar. Zargin farko ya faɗa kan yankan da gogewar da aka yi masa da dutsen daimon, wanda kan bar fatar kayan a matse.

1 ga Afrilu

Wannan makon na matsi ne, kuma shi ne abin da ya fi ba da haske zuwa yanzu.

Ferayit na ɗan miƙewa ko tsukewa in maganadisunsa ya juya, haka nan in aka matse shi, maganadisun kan sauya inda ya fi son fuskanta. A YIG wannan motsi ƙarami ne, kashi 1 zuwa 3 cikin miliyan. Abin da ke sa ya yi tasiri shi ne ƙarfin da ke riƙe maganadisun a kan kusurwoyin kiristal ɗin shi ma rarrauna ne, wajen jul 600 a mita kubik. Matsi kaɗan sai ya rinjaye shi. A ferayit na litiyam wannan riƙo ya ninka na YIG fiye da sau goma, shi ya sa bai cika damuwa ba. Manganis ɗin da ke cikin B kuwa aikinsa ke nan: motsinsa na adawa da na YIG, su kashe juna.

An sake gasa A da B a digiri 1100 na awa biyu a cikin iska, aka bar su su huce a tanderu da saurin da bai wuce digiri 100 a awa ba. C ba a kai shi nan ba. Litiyam na tsere wa kayan in zafi ya haura 1000 sosai, wanda shi ne ma dalilin da ake sa masa bismut a gasa shi a ƙasa-ƙasa tun farko. An tsaya a 850 da shi.

Bayan gashi, A: Br 125, Hc 40. B: Br 124, Hc 45. C: Br 152, Hc 100. Wato A ya ƙaru da kashi 12, B da C ba su motsa da abin kirki ba.

Sai gwajin da aka shirya da gangan. An ɗauki zoben A na biyu, gasasshe, aka naɗa masa wayar milimita 0.5 kai tsaye a kan tef, da ja irin na hannu. Br ya faɗo 98, kafaɗar kewayen ta zama zagayayya. Da aka kwance wayar aka mai da shi akwati, ya koma 124. Kaya ɗaya, rana ɗaya, militesla 26 tsakani. A cikin ainihin na'ura, bangon bututun igiya na danne ferayit ɗin don kada a bar tazarar iska, saboda haka lambar akwati ita ce mafi kyawun da za a taɓa samu daga A. A ganinmu wannan ya isa ya fitar da A daga takara, sai dai a riƙe shi a matsayin ma'aunin gwada na'ura.

4 ga Afrilu

VSM, da ƙwayar nikel a matsayin ma'auni. Ƙoshin A militesla 177, B 174, C 219.

A nan akwai abin lura game da lambar da ake kira murabba'in kewaye. In aka raba Br da B na ƙololuwa a A/m 1200, A ya ba da 125 bisa 165, wato 0.76, C ya ba da 152 bisa 170, wato 0.89. In aka raba da ƙoshi na gaskiya, A 0.71 ne, C 0.69. Ta lissafin farko C ya yi wa A fintinkau, ta na biyu kunnen doki suka yi. Bambancin ya zo ne daga cewa A/m 1200 ya ninka Hc na A sau 30, na C kuwa sau 12 kawai, kuma ƙananan ramukan cikin kaya na hana shi ƙoshi sai an kai dubban A/m. Ga ƙwayoyi masu fuskantar ko'ina, irin waɗannan da maganadisunsu ya fi son kusurwar kubik, iyakar lissafi 0.87 ce ta ƙoshi. Duk lambar da ta haura haka a takardar mai sayarwa, da B na ƙololuwa aka raba. Daga yau kowane Br za a rubuta shi ne tare da H ɗin da aka tura, da zafi, da yadda aka riƙe zoben.

9 ga Afrilu

Zafi, daga digiri 20 ƙasa da sifiri zuwa 85. Tamokoful, wayar awon zafi, na manne a jikin akwatin, ana jira minti 20 a kowane mataki. Wutar gwaji ta sakan biyu ce kawai a kowane awo, domin naɗin turawa na fitar da wat 0.2, wanda ya isa ya ɗumama akwatin roba in aka bar shi a kunne. Asarar histeresis ɗin kanta a A da B ba ta kai miliwat 2 ba.

A 85, Br na A ya sauka zuwa 102, na B 103, na C 139. Ƙoshin YIG na raguwa da kusan kashi 0.2 a kowane digiri a wannan yanki, Br kuma ya fi shi saurin faɗuwa. C, da zafin Curie ɗinsa ya fi na YIG nesa ba kusa ba, ya riƙe.

A ɓangaren sanyi, Br na A ya yi ta hawa har digiri 0, sai ya juyo ƙasa, abin da B bai yi ba. Roba na tsukewa kusan sau tara fiye da ferayit. A faɗin milimita 25 da sanyin digiri 45, bangon waje na matsowa da milimita 0.045 ta kowane gefe. Tazarar 0.2 ta isa a takarda, amma da aka buɗe akwatin aka duba da gilashin ƙara girma, sai ga tudun layukan na'urar ɗab'in da aka yi akwatin da ita a fuskar cikin bangon, da ɗan sheƙi a kan uku daga cikinsu inda suka goge zoben. An soke sakamakon sanyi na A. Za a sassaƙo sababbin akwatuna a injin juyi, da tazarar 0.4.

14 ga Afrilu

An fara gwajin bugu, wanda ya fi kama da yadda na'urar za ta yi aiki. Waya ɗaya ta tsakiyar zobe, naɗin karatu zagaye 5 kawai, don mai zagaye 100 zai ba da ɗaruruwan bolt kuma ya yi ta kaɗawa. Cikakken juyi daga Br na baya zuwa na gaba a zoben B yana cin bolt-mikrosakan 3.1 a zagaye ɗaya, a C kuma 3.8. Tsarin shi ne bugu mai ƙarfi ya mai da zoben tushe, sannan bugu na biyu mai ƙayyadadden boltej da tsawo ya kai shi matakin da ake so.

Matakan tsakiya ba su bi miƙaƙƙen layi ba. Da bugun ya ƙare, maganadisun na ɗan zamewa baya, kuma zamewar ta fi yawa a ƙananan matakai. Wani kaso na boltej ɗin ma a waya da taransista yake ƙarewa, bai isa zoben ba, don haka dole a auna a naɗin karatu, ba a bakin tushen wuta ba. Bugun mayarwa na amfiya 10 a waya ɗaya A/m 141 ne kawai a wannan zobe. Ga B ya ninka Hc sau uku, ga C bai kai ɗaya da rabi ba, shi ya sa tushen C ke yawo gwargwadon matakin da ya gabata.

Abin da ke gaba: a ɗaga bugun mayarwa zuwa amfiya 35 don C ya samu ninki biyar na Hc, a maimaita sanyi da sababbin akwatuna, sannan a ƙera maƙalli mai sukurori da ma'aunin nauyi don a danna B da C da matsi sananne, daga sifiri zuwa megafaskal 20, a ga inda Br ɗin kowanne zai fara sauka.